Kwanon Lola Sion

Bergen, Litinin

Zuwa ga babbar yaya, Manang Luding,

Gaisuwa mai yawa, ya ƙarin haƙurinmu? Tunda kunnenki ya ƙi waya, ga takarda, hotonta zan turo. Cinki wannan kacici-kacicin: wace ce takan ƙoshi kafin a zuba abinci, sai kowa ya tashi yunwa ta kama ta? Riƙe amsar, yau ni ma dariyar ta ƙi fitowa.

Tun da muka binne ƙanwarki Sion, aminiyata, jikarta Liv ta daina cin abinci. 'Yar shekara biyar, Manang, hannunta ya koma kamar tsinke. Cokali ɗaya take yi, ta ture kwanon. Uwarta Marivic ta kai ta asibiti, likita ya ce in aka kai Juma'a a haka, robar abinci za su zura mata ta hanci. Na dafa duk abin da Sion ke dafawa. Har rawa na yi da cokali a ka, da wannan ruɓaɓɓiyar gwiwar. Ta ce, "Lola Meding, zauna kada ki faɗi," don ni ma kaka ta ɗauke ni. Ke kika goyi Sion, faɗa mini abin yi.

Taki, Meding

Santa Lucia, Talata

Zuwa ga 'yar ƙanwa, Ading Meding,

Bayan gaisuwa da addu'a, takardarki ta hana ni zama. Kin tsufa ba ki daina shashanci ba. Kun ajiye wa Sion atang kuwa, ɗan kwanon da muke zuba wa mamaci a gaban hotonsa? Ko sanyin ƙasar ya daskarar muku da hankali? Tun muna yara ita ke cin ƙanzo ta bar wa ƙannenmu shinkafa. Ku zuba mata mai kyau. Amma kada ku sa kan kifi, ko warinsa ba ta so.

Allah ya raya yarinyar.

Yayarki, Luding

Bergen, Alhamis

Manang,

Ina gaisuwa. Ba ta son kan kifi? Shekara talatin na san Sion, tun muna gyaran ɗakunan otal tare, kullum sai ta ce, "Ku ci tsokar, ni kai nake so." A tsaye take ci, bakin wurin wanke-wanke, bayan yara sun tashi. Ashe makira ce.

Ba mu ajiye atang ba. Marivic ta ce kada yarinya ta tsorata. Jiya na ritsa Liv, na ce, "Ke ƙaramar tsohuwa, wa kike yi wa yaji?" Ta ce, "Lola Sion ragina take ci. In na cinye, me za ta ci?" Marivic ta fita baranda da hannu a baki.

Sai muka zuba mata a kwano, muka ajiye a gaban hoton. Liv ta leƙa har sau nawa, ta ce, "Kin gani? Ba ta ci. Nawa take jira." Gobe Juma'a, Manang. Dabarata ta ƙare. Ki yi mana addu'a.

Meding

Bergen, Juma'a

Manang,

Gaisuwa a gurguje. Da safe na soya kifi, na ɗora tsokar a kwanon Sion, na bar kan a kasko. Na tsaya gaban hoton na riƙe ƙugu, na ce, "Kumare, ƙawata, yau ke za ki fara, ko ki ji bakina." Na aiki Liv ta wanko hannu. Kafin ta dawo, Allah ya yafe mini, kwano ya zama fes, ƙaya har ta kusa shaƙe ni.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Har tsokar ta ci?" Na ce, "Har da lashe yatsu." Ta hau kujera, ta cinye shinkafarta, ta nemi ƙari. Likita ya ce a dakata da robar.

Daga yau sau uku a rana zan riƙa cin abincin ƙanwarki a ɓoye, siket ɗina zai ba da labari.

Amsar kacici-kacicin kuwa, Sion ce.

Taki har kullum, Meding