Geron Jaji Ya Ƙare a Hannuna

Garin Jaji,
Ƙaramar Hukumar Buji,
Jihar Jigawa.
16 ga Yuli, 2004.

Zuwa ga Hamma Yahuza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Adda Khadijatu da yara. Allah ya sa karatun da ya kai ka Malesiya ya zo ƙarshe da alheri, ya dawo mana da ku lafiya. Mu a nan jiki dai lafiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da aka kai ta asibiti a Dutse, har tana zuwa rijiya da kanta ko an hana ta. Ƙanwarmu Larai ta sauka watan jiya, an sami mace, an sa mata sunan Inna. Malam Zailani yana gaishe ka, har yanzu makaranta ɗaya muke koyarwa ni da shi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda ta gidan waya, alhali ga kwamfuta a ɗakin zaure, ga farantin tauraron ɗan'adam da ka sa aka kafa mana bara yana nan tsaye a bayan rumbu. Ba lalacewa ya yi ba, janareta ma lafiyarsa ƙalau. Ni ce ba na iya zama a gabansa yanzu in rubuta maka komai. Saƙonninka uku na gan su, ban buɗe ba. Abin da zan gaya maka ya fi ƙarfin layi biyu, kuma na fi son ka ji shi daga bakina kafin wani ya riga ni.

Ka tuna yadda aka karɓi farantin nan da farko. Mutane sun yi ta zagaya shi kamar an kawo sabuwar saniya, wasu suka ce duba ne aka shigo da shi gari da sunan boko, a lokacin da kowa ke tsoron a ce ya saɓa wa shari'a. Sai da Liman ya zo da kansa, na nuna masa hoton gajimare a kan taswira, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wannan ba duba ba ne, kallon hadari ne daga sama maimakon daga ƙasa, amma kada kowa ya manta da cewa in Allah ya so. Daga nan aka saki jiki. Da yake ni kaɗai ce a gidan ke karanta Turanci, ni na zama bakin farantin. Bara sau uku na ce za a yi ruwa, sau ukun aka yi. Ranar da na ce a kwashe gyaɗar da aka shanya, Malam Arzika maƙwabcinmu ya ƙi, ruwa ya jiƙa masa ita tas, mutane suka yi ta yi masa dariya har rani. Tun daga ranar, duk Juma'a bayan an sauko, dattawa sukan tsaya a ƙofar zaure a aiko a tambayi abin da Malama ta gani. Hamma, ba zan ɓoye maka ba, abin ya yi mini daɗi. Ni da ake cewa in yi shiru in manya na magana, sai ga manya sun yi shiru ina magana.

Mutum ɗaya ne bai taɓa tsayawa a ƙofar zauren nan ba, shi ne Baffa Modibbo. Bai zagi farantin ba, bai kuma yabe shi ba. Shi dai lissafinsa na taurari yake bi, da yadda iska ke juyawa, kamar yadda ya koya a wurin Kaka Jaji. Ka san tun rasuwar mahaifinmu shi ke riƙe da irin geron gidanmu, ɗan Jaji, mai gashin nan da tsuntsu ba ya iya sauka a kai, mai nuna kafin geron kowa. Ka kuma san yadda yake yi da shi kowace shekara. Yakan raba iri kashi uku. Na farko a shuka da ruwan fari, na biyu a ajiye don cike gurbi in tsiro ya mutu, na uku kuwa a zuba a tulu da toka a liƙe bakinsa da laka, ba mai taɓa shi sai sabon gero ya shiga rumbu. Muna yara mun sha yi masa tsiya cewa ya fi son tulun nan da 'ya'yansa, yakan yi murmushi ya ce 'ya'ya ai suna da ƙafa, tulu ba shi da ita.

Bana a farkon watan Yuni na buɗe taswirar, sai na ga duk ƙasarmu ta yi kore shar, alamar ruwa, daga Ringim har Birnin Kudu, kwana goma a jere. Ban taɓa ganin ta haka ba. A daren da ya biyo aka yi ruwa mai ƙarfi, da safe ƙasa ta jiƙu har kamu ɗaya. Ga kuma sabuwar gonar fadama ta gabas da ka ce a nome bana, wadda kashi na farko ba zai kai gare ta ba. Ga Malam Arzika da wasu mutum huɗu da suka daɗe suna roƙon a ɗiba musu ɗan Jaji. Sai na je wurin Baffa na durƙusa, na ce masa damina ta zauna, farantin ya nuna ba za a yi fari ba, bana ce shekarar da ya kamata irin Kaka ya yaɗu a gari maimakon ya zauna a tulu. Ya ce tauraron da yake jira bai fito ba tukuna, wannan ruwan na yaudara ne. Na koma washegari, na kuma komawa jibi. Na sa Inna ta yi masa magana. Har na ce masa kai ma abin da kake so ke nan, alhali ban tambaye ka ba. Wannan ce ta karya shi. Ya ce tun da yaran da suka yi karatu sun haɗa baki, shi ba zai zama dutse a hanya ba. Da hannunsa ya fasa lakar bakin tulun, ya miƙo mini.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba, ko Malam Zailani. A ƙarƙashin taswirar akwai wani ɗan rubutu ƙanana. Cewa yake abin da ya wuce kwana uku hasashe ne kawai, kada a dogara da shi. Na gan shi, Hamma. Kullum ina ganin sa, kullum ina tsallake shi, domin na san in na fassara wa dattawa wannan layin, za su ce ashe abin ma bai fi Modibbo sani ba, su watse. Ba wanda ya ruɗe ni. Turancin bai fi ƙarfina ba. Na karanta, na gane, na yi shiru.

Aka fita da sungumi kwana biyu, aka shuke kashi ukun duka, namu da na maƙwabta. Ranar ta huɗu tsiro ya fito gwanin sha'awa, layi-layi, har Baffa ya tsaya a bakin gona ya ce ma sha Allah. Daga ranar sama ta bushe. Kullum da safe in buɗe taswira in ga koren ya matsa gaba da kwana biyu, in fito in ce jibi ne. Jibi ta zo in ce gata. Abin takaici, duk ranar da hadari ya ɗan haɗu a gabas, sai farantin ya ɗauke gaba ɗaya, ba ya dawowa sai hadarin ya watse, wato a daidai lokacin da ake buƙatar bakinsa yake zama bebe. Kwana ashirin ba ɗigo. An fita roƙon ruwa sau biyu a filin idi. Ina kallo tsiron ya murɗe, ya yi fari, iska ta kwashe shi. Malam Zailani da 'yan gidan sun gwada ban ruwa da garwa a wani ɗan yanki, rijiya ta ja baya, Inna ta ce a bar wa mutane da dabbobi abin sha.

Ruwa ya dawo ranar ƙarshe ta watan Yuni, kusan daidai lokacin da Baffa ya ce tauraronsa zai fito. A kowace shekara wannan ba komai ba ne, sai a ɗauko kashi na biyu a cike gurbi. Bana babu na biyu, babu na uku. Na ce a duba na ci da ke rumbu, ashe ɗan Jaji shi muka fara cinyewa tun da rani saboda daɗin furarsa, abin da ya rage duk dawa ce da geron da aka yi musanye. Malam Zailani ya je kasuwar Shuwarin, ya je Gujungu, ya bi 'yan hatsi a Ringim rumfa-rumfa yana kwatanta musu zangarniya mai gashi. Wasu suka nuna masa mai kama da shi, Baffa ya murza a tafin hannu ya girgiza kai. Mun aika wa Goggo Luba a Takur ko tana da ragowar wanda aka kai mata da kaka, ta ce ta daka shi tun azumi. An dai shuka geron kasuwa, ya fito, amma ya makara, kuma ka san abin da tsuntsu ke yi wa gero marar gashi a fadamar nan. Yunwar bana ba ita ce ta fi damuna ba, an taɓa yin ta an wuce. Irin da Kaka ya shigo da shi garin nan a cikin ƙwarya, ya tsallake farin da ya kashe shanun gidanmu, shi ne ya ƙare a hannuna cikin kwana biyu.

Mutanen gari ba su ce mini komai a fuska ba. Ranar Juma'a dai ba wanda ke tsayawa a ƙofar zaure, kuma in na isa rijiya hira takan canja. Wannan duk zan iya ɗauka. Da Baffa ya zage ni, ko ya daina amsa gaisuwata, da na sami sauƙi. Bai yi ba. Ya rame, ya rage cin abinci, yawancin yini yana zaune a inuwar rumbu. Makon jiya da hantsi sai ga shi ya shigo ɗakin zaure da sandarsa, karo na farko tun da aka kafa farantin. Ya zauna a kan tabarma, ya kira ni da sunan da yake kirana ina ƙarama. Ya ce ya ji ana cewa abin nan ya san duk abin da ke duniya, to in tambaye shi ko akwai wani gari, ko da nesa ne, da ake da ɗan Jaji, shi zai je da ƙafarsa ya roƙo ko cikin tafin hannu ne. Hamma, mutumin da ya ƙi yarda da farantin lokacin da kowa ya yarda, yau shi kaɗai ya rage yana sa rai da shi.

Na tambaya. Na rubuta sunan ta kowace hanya da na sani, da Hausa da Fulatanci da Turanci, na kwatanta gashin da tsawon zangarniyar. Babu. Sunan nan bai taɓa fita daga garinmu ba, ba wanda ya taɓa rubuta shi a ko'ina. Na juyo na ga yadda yake kallona, sai na ce masa abin yana nema, yakan ɗauki kwanaki. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko ciwo. Tun daga ranar kullum da hantsi yakan zo ya zauna a tabarmar nan, ya tambaya ko an samu, in ce tukuna, ya ce to Allah ya sa a dace, ya tashi.

Ba na neman ka aiko da komai. Ina neman ka yafe mini sa sunanka da na yi a maganar da ba ka sani ba. In akwai wani malamin noma a inda kake da ya san inda ake ajiye tsofaffin iri, ka tambaya, ko da yake zuciyata ta riga ta ba ni amsa.

Ka gaishe mini da Adda Khadijatu, ka shafa mini kan Haisam da Ni'imatullahi. Inna tana sa muku albarka, Larai da Goggo Luba suna gaisuwa. Baffa ma ya ce in gaishe ka, in kuma yi maka godiya a kan farantin, wai ba don kai ba da yanzu ba shi da inda zai tambaya. Na san takardar nan sai ta yi mako uku a hanya kafin ta iso ka. Shi kuwa gobe da hantsi zai zo.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Adawiyya.