Magagarin da Na Sa wa Kwamfutarka

Zuwa ga jikana kuma takwarana, Lawal, da ke Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen da kake zaune a wurinsu. Gwaggonka Binta ce ke rubuta mini wannan. Na ce ta sa shi a waya inda kowa zai gani, tunda a gaban mutane na ci maka fuska.

Takwara, Sallah biyu ke nan ba ka taka Daura ba. Kakarka, wadda kake cewa matarka ce na ƙwace, kullum sai ta tambaye ni me na yi maka. Nakan ce mata yaran zamani ne, ba su da kunya. To, yau zan faɗa.

Ka san shekara arba'in ina gyaran rediyo a bakin kasuwa. Daga Baure ake kawo mini, har daga tsallaken Kongolam. Ban shiga aji ba, amma babu rediyon da ya gagare ni. Sai waya ta zo ta kashe sana'ar, waɗanda nake yi wa gyara suka koma wucewa ta gaban rumfata ko sannu babu. Har yau abin yana cina, kuma ban yafe ba.

Cikin wannan hali ka fara haɗa kwamfutarka ta wasa. Wata nawa kana tara kayanta ɗaya bayan ɗaya. Kakan zauna a tabarmata kana yi mini bayani: wai babban allon yana da irin ƙwaƙwalwar da yake karɓa, wai katin hoto sai an ba shi wutar da za ta ishe shi, wai har akwatin sai an auna tsawonsa. Ka ce, “Kaka, kowane sai da ɗan'uwansa.” Na ce ni da na haɗa cikin rediyon Jamus da na Japan ya yi magana, kai za ka koya wa haɗi?

Abu ɗaya ya rage maka, wannan 'yar sandar mai haƙoran zinariya da kuke kira ram. Zan je Kano ta'aziyya, sai ka rubuta mini irin wadda kake so a takarda, ka ce in miƙa wa mai kanti kawai.

Ban miƙa ba. Da na shiga kantin na ga yara sa'o'inka, sai na ji ba zan iya miƙa takarda kamar ɗan aike ba, su gane ban iya karatu ba. Na nuna da yatsa. Mai kantin ya tambaye ni, “Baba, lamba huɗu ko lamba biyar?” Na ce masa duk ɗaya ne. Shi ma da laifinsa, ya ga tsoho ai sai ya ƙara tambaya. Amma Binta ta ce in bar wannan, ba shi ya kawo mu ba.

Da na dawo kana Sandamu wajen bikin abokinka. Da hantsi na shiga ɗakinka, na ce bari ka dawo ka tarar da kwamfutar tana aiki, ka san kakanka bai mutu ba. Na ɗora sandar a raminta, ta ƙi shiga. Na duba, ashe akwai 'yar wushirya a tsakanin haƙoranta, kuma ba ta yi daidai da tudun da ke cikin ramin ba. Kaɗan ya rage. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na ɗauko magagarina na faɗaɗa wushiryar, na danna da babban yatsa har ta zauna. Na kunna. Ba ta ce komai ba, sai wani ƙauri da na sani sarai, don shekara arba'in ina shaƙarsa.

Na zare sandar, na sa a aljihu, na buɗe taga. Da ka dawo na ce maka ban samu ba a Kano.

Ka aro sandar abokinka, ka sa, shiru. Kwana uku kana kwancewa kana ɗaurawa, kana duba takardunka. Ina kallonka ta ƙofa. Ranar Juma'a a majalisar ƙofar gida aka tambayi labarin kwamfuta, na ce ai takwara ya tara kayan da ba su san juna ba, boko ne kawai babu basira. Aka yi dariya. Kai ba ka yi ba. Ka ce, “Wataƙila haka ne, Kaka.” Wannan maganar ta fi zagi ciwo.

An ce mini ka daina taɓa irin wannan aikin, wai ka ce ba ka da kansa. Lawal, kana da shi. Duk abin da ka zaɓa daidai ne. Takardarka tana nan a cikin gwangwanin da nake ajiye dalma, tare da sandar da na goge.

Watan jiya na koma kantin. Na miƙa takardar da hannu biyu, na ce ban iya karatu ba, a karanta mini. Ba wanda ya yi dariya. Na kai musu allon, suka ce ya ƙone, suka nemo mini irinsa sak, da sanda lamba biyar, irin wadda ka rubuta. Suna nan a kan gadonka cikin kwalinsu. Wallahi ko ledar ban ɓare ba. Magagarin kuma kakarka ta karɓe, tun daren jiya da na gaya mata ba ta yi mini magana ba.

Ban saba ba yaro haƙuri ba, bakina bai iya ba. Amma ka yafe mini, Takwara. Ka zo ka haɗa abinka, ni zan zauna a bakin ƙofa, hannuwana a cikin riga.

Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka abin da kake nema, ya sa kada ka gaji taurin kaina tare da sunana. Amin.

Ni ne kakanka,
Lawal mai rediyo, Daura.