Sajo Ya Leƙo Ya Gan Ni a Bencin 'Yarsa

Inna Salima, don Allah ki cece ni, murna ta ja mini magana!

Ina koyarwa a lakol, a wani ƙauye kusa da Sae Sabuwa. Da hutu aka kai mu horo Maradi, aka ce mu rage zuba, mu bar yara su yi magana, mu dai mu riƙa nuna hanya. Na dawo kaina na rawa. Na jujjuya bencunan aji rukuni-rukuni, na koma tambaya. Inna, ashe shekara shida ina zaune da masana ban sani ba!

Akwai Dija, 'yar rugga, wadda ko tari ba ta yi a aji. Ranar darasin dabbobi na tambayi wa ya san yadda ake gane shekarun saniya. Yarinyar nan ta miƙe ta karɓi alli, ta zana haƙora a allo, tana bayani da Hausarta mai gardin Fillanci, aji duk ya zuba mata ido. Ni kuwa daɗi ya kwashe ni, na je bencinta na zauna, har da ɗaga yatsa ina tambaya. Wallahi saura kaɗan in rangaɗa guɗa. A gida ina ta dariya ni kaɗai har tuwona ya kama.

To, ashe babanta Sajo ya biyo da shanu ya leƙo ta taga. Washegari ya sami direkta ya ce shi ya kawo 'ya ne a koya mata. Tunda malamar ce ke neman sani wurinta, ranar Litinin zai mayar da ita kiwo. Direkta dariya kawai yake. Ba na son in rasa yarinyar nan. In koma tsohon karatu na a faɗa a maimaita?

Malama Mai Ɗaga Yatsa

'Yata, wasiƙarki ta sa ni dariya har da tari. Abin da kika yi daidai ne, kada ki koma baya. Amma Sajo ma bai yi wauta ba. Ya rage hannu guda a kiwo don 'yarsa ta samo abin da babu a rugga, sai ya leƙo ya tarar abin rugga ake karantawa. Laifinki ɗaya ne: kin sauya aji ba ki gaya wa iyaye ba.

Kada ki jira Litinin, kada kuma ki aiki direkta. Hau kabu-kabu ki je rugga da kanki. Ki gaishe shi da ladabi, ki fara da godiya, don a wurinsa Dija ta koyi abin da ta burge aji da shi. Ki tambaye shi ranar da ya fara ba ta sandar kiwo, gabanta ya shiga ko baya ya tsaya yana kallo. Sannan Dija ta ɗauko littafinta ta karanta masa abin da ta rubuta da Faransanci a kan haƙoran nan, ya ji da kunnensa abin da aka ƙara mata.

In kuwa ba ta rubuta komai ba, to ga naki gyaran. Zaman benci da daɗi, amma kafin a tashi ki miƙe ki ɗaure darasin, kowa ya rubuta nasa.

Ki rage ɗoki kaɗan, tuwo ya huta. Allah ya sanyaya zuciyar Sajo, ya sa ranar Litinin da kansa zai rako miki ita.

Inna Salima