Saniyar Innata Ba Juya Ba Ce

Zuwa ga Shugaban Shirin Raba Bijimai ga Ƙungiyoyin Mata,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya.

Ni malamar makaranta ce a nan Daura. Mahaifiyata tana ƙauyen Babban Mutum, tana cikin ƙungiyar matan da kuka ba bijimi bara da kaka don barbarar shanunsu. Saniya ɗaya gare ta, wadda mahaifina ya bar mata, tana kiranta 'Yar Gata. Da nononta take cefane ba tare da ta jira aike daga kowa ba. Zan fara da albishir, kada ka ɗauka faɗa ya kawo ni: 'Yar Gata ta ɗauki ciki. Amma saura kiris mahauta su riga mu, kuma dalilin nake so ka ji.

Na farko. Ranar da aka kawo bijimin kowa ya yaba. Ga tozo, ga ƙirji, fata sai sheƙi, ya kuma yi kyau a hoton da aka ɗauke ka riƙe da igiyarsa. Abin da ba a gaya wa matan ba shi ne, irin bijimin nan ne da ake ɗaurewa a turke ana ɗura masa dusa da harawa da ƙuli-ƙuli don kasuwar Sallah. Jikinsa ya riga shekarunsa. Mu nan da nama muke auna sa, domin galibi na yanka muke saye. Da wannan idon aka zaɓo wa mata uban garke.

Na biyu. Ya yi ta bin shanu ba kasala, watanni suka wuce babu wadda ta ɗauka. Hukuncin da aka yanke bai ba ni mamaki ba, na san shi tun a gidajen mutane: laifin mace ne. Aka ce 'Yar Gata ta zama juya, alhali ta haihu a baya. Ba wanda ya tambayi yadda shanun unguwa guda suka haɗa baki suka daina haihuwa a shekara ɗaya. Nono ya ƙafe. Kawuna ya yi wa dillali magana a kai ta kasuwar shanu ta Mai'aduwa, Inna kuwa ta daina cin abincin kirki.

Na uku. Na zo ofishinku neman a duba bijimin. Ma'aikacin da na tarar mutumin kirki ne, har kujera ya ba ni. Da na ambaci maniyyi sai ya sunkuyar da kai, ya shiga gyara takardun da ba su hargitse ba, ya ce gara in turo maigidana. Maigidana tela ne, ko akuya bai taɓa kiwo ba. Ranka ya daɗe, a Islamiyya ana karantar da mu babin balaga da na wanka, ban taɓa ganin wanda ya suma ba. Ban san me ya sa za a ji wa sa kunyar da malaman fiƙihu ba su ji ba.

Wata likitar dabbobi da muka yi jami'a tare ce ta bi ni ƙauyen. Ta buɗe bakin bijimin, duk haƙoran nono ne. Ta auna kaurin marainansa, ba su kai ba. Ta ɗebi maniyyin ta nuna mini a madubin likita: tsinkakke ne, ƙwayoyin kaɗan, da yawa ba sa motsi, wasu wutsiya a lanƙwashe. Ta bayyana mana cewa sinadarin da ke kawo balaga yakan tayar da sha'awa da wuri, amma sai maraina sun girma ƙwayoyin ke yawa su yi ƙwari. Don haka hawan saniya ba shaida ba ne. Kitsen da muka yi ta yabo ma taruwa yake a wuyan jakar maraina ya ɗumama su, ya ƙara ɓata abin. Ta ce a raba shi da shanu, a rage dusa, a sake shi kiwo, a jira.

Kawu ya jira, yana gunaguni. Da damina ta yi nisa likitar ta sake dubawa, ta ce yanzu ya isa. Sauran labarin na riga na ba ka. Sai dai maƙwabciyar Inna, Gwaggo Laure, ba ta samu mai cewa ta jira ba. Tata saniyar tuni an yanka.

Roƙona kaɗan ne. Kafin ku sake raba bijimi, a duba haƙoransa, a auna marainansa, a gwada maniyyinsa, sannan a kira mai hoto. A gaya wa matan abin da aka gani da Hausa, tunda shanun nasu ne. A kuma tuna da Gwaggo Laure.

Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka a aikinka, ya ba ka masu gaya maka gaskiya da wuri. Inna ta ce idan 'Yar Gata ta sauka lafiya, a kawo maka ƙwaryar fura da nono. Da kaina zan kawo, sai dai idan ofishin ya fi son in turo maigidana.

Wassalam.

Malama Rakiya,
Daura.