Motar Yankan Ciyawa Tana Hayaƙi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya gareji? Ni lafiya lau nake, kada ku damu.

Sai dai motar yankan ciyawar maigidana ta fara farin hayaƙi, baƙin manta kuma warin fetur yake. Na sauya shi jiya, yau warin ya dawo. Maigidan zai dawo ran Asabar, kuma fasfona na hannunsa. Wanda na gada, kan tsinkewar bel ɗin motar kawai aka kore shi.

Don Allah, kafireto ce ke yoyo? Me zan kwance?

Yau da almakashi na yanke rabin filin, a durƙushe, kada tsawon ciyawar ya tona min asiri. Ka sa ni a addu'a.

Ƙaninka.