Abin da Za Ka Faɗa Tsakanin Prague da Brno

Abban Ihsan, inuwar gidana, ruwan randa a tsakar rana, sanyin idona tun ina budurwa har furfura ta fito,

Assalamu alaikum. Na sa wannan takarda a aljihun kwat ɗinka tare da dabino. Ka san ni ba gwanar daɗin baki ba ce, kalaman da ke sama sun ishe ka har ka dawo. Yanzu saurara.

Tun da muka zo Landan ni ce bakinka. Ni ke magana a asibiti, a ofishin ƙaramar hukuma na council, a makarantar yara, kai kana gefe kana murmushi kamar baƙo. Ga shi Ihsan ta gama karatun likita a Brno ta ƙasar Cek, gwiwar nan da aka yi wa aiki ta hana ni tafiya. Za ka sauka a Prague, ka hau jirgin ƙasa kai kaɗai, da ciwon sukari a jikinka. Wa zai yi maka magana?

Shi ya sa na zaunar da Jitka, 'yar ƙasar Cek da muke aiki tare a kicin ɗin makaranta, ta koya mini abin da matafiyi ke buƙata. Na rubuta yadda kunnena ya ji. In ka shiga kanti ko ka zauna kusa da mutum, ka ce "dobri den", sallamarsu ke nan. Ta ce wanda bai yi gaisuwa ba, kallon mara tarbiyya suke masa, na ce ashe suna da iyaye. In za ka roƙi abu ka ce "prosim", in an ba ka ka ce "dyekuyi". Wurin abinci ka ce "bez vepshoveho", wato ban da naman alade, ka kuma tsaya sai ka ga sun fahimta. Kada ka ce za ka haƙura da yunwa har Brno don gudun tambaya. Na san ka.

Ka tuna bara a jirgin ƙasa na District line, muna komawa Barking? Sukarinka ya faɗi, gumi ya jiƙa maka hula, ga wata mata a gabanka da kwalbar lemo, amma ka ƙi roƙonta. Ni na miƙe na ɗaga murya har wani ɗan Indiya ya miƙo alewa. Da ka dawo hayyacinka, haƙuri ka fara ba mutane don ka tayar musu da hankali. Sannan ka riƙe hannuna a bainar jama'a, abin da ba ka taɓa yi ba, ba ka sake shi ba har ƙofar gida. Ranar na ji haushinka, na kuma san in babu kai, gidan nan bango ne kawai da kujeru.

Kai kana kiran wannan hali kunya. Ni girman kai nake kiransa. Rai amana ne, za a tambaye ka yadda ka riƙe shi. Saboda haka da ka ji jiri, ka dubi na kusa da kai ka ce "pomots", a taimaka. Ka ce "mam tsukrofku", ina da ciwon sukari. Da ƙarfi, Abban Ihsan, ba a cikin gemu ba! Ka maimaita su a jirgi har bakinka ya saba. In sun yi dariyar harshenka, su yi. Dariya ta taɓa kashe wani?

Jitka ta yi ta tsokanata wai in koyi yadda suke cewa ina son ka. Na ce mata ni uwar manyan yara ce, ta ba ni abin da zai yi amfani. Ta ba ni: "zavoleyte moyi jenye". Ma'anarsa, ku kira matata. Ko duk sauran sun ɓace maka, riƙe wannan, ka miƙa musu wayarka. Tawa tana hannuna, ko alwala nake zan ɗauka.

Ka gaida likitarmu, ka ce ta rufe kanta da kyau ranar bikin yaye su. Ka dawo mini da ƙafafunka.

Taka tun farko, taka har a sa ni a ƙasa,
Nimatu