Fasfo a Kan Teburin Mudiri

Katsina, 1978

Ɗana Lado,

Bayan gaisuwa da fatan kana tsare sallarka, ka ce kana tafe bayan girbi. An yi girbi, an sussuke, har an ci rabi.

Wani direba da ya fito daga Sabha, can ƙasar Larabawa inda kake, ya gaya mini kai ne yanzu bakin leburori a unguwar Gurda, kai ke shiga ofis kana ɗaga wa manya murya. Ban kai ka makaranta don ka koyi tsaurin ido a ƙasar mutane ba. Baƙo raɓa ne. Ka yi abin da ya kai ka, ka tattaro ka dawo.

Idanuna sun fara hazo, likita ya ce ci gaba zai yi. Ba don ka tausaya mini na faɗa ba. Ina so in ga fuskarka tun ina iya gane ta.

Mahaifiyarka,
Ɗijatu

Sabha, 1978

Inna,

Ina durƙusawa da gaisuwa. Direban bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa ba.

An yi sabuwar doka, wai ma'aikaci ya zama abokin tarayya a kamfani. 'Yan ƙasa sun shiga kwamiti, mu baƙi aka bar mu a waje, ƙungiyar ƙwadago ma ba ta sauraronmu. Fasfunanmu duk suna hannun mudiri, wato shugaban kamfanin gininmu. Shi ya sa muka taru, mu da 'yan Nijar, muka shafa fatiha: ba mai karɓar nasa shi kaɗai. Ni nake magana saboda ni ke jin Larabci.

Jiya mudiri ya kira ni, ya ajiye fasfona a kan tebur da hatimin fita. Ya ce, "Tafi ka ga tsohuwarka." Da na fito, Baba Chékaraou, tsoho mai kwaɓa mana siminti, ya ce, "Yaro, uwa ba ta da canji. Je ka, ma yi da hannu kamar kurame." Kowa ya yi dariya, ba wanda ya dube ni.

Ban ɗauka ba, ban kuma ce a'a ba. Inna, ki yanke mini.

Ɗanki,
Lado

Katsina, 1979

Lado,

Na amsa gaisuwarka. Ka tambaye ni abin da ka riga ka sani, don in ɗauke maka nauyinsa. To, na ɗauka.

Mudirin nan ba ni yake tausayi ba, bakin leburori yake so ya cire. Fatiha kuma ba wasan yara ba ce. Ka bar masa a kan teburinsa. Har yanzu ban yarda da ɗaga murya ba, ka yi maganarka da ladabi, amma ka yi ta. Ka gaida Chékaraou, ka ce na ji, na gode, ban karɓa ba.

Ƙanwarka Sakinatu ce ke rubuta wannan, ni nake faɗa, don layin takarda ya daina tsaya mini. Ran da kuka karɓa gaba ɗaya ka taho. In ka iso, ka yi sallama da ƙarfi tun daga zaure. Muryar zan gane.

Allah ya yi maka albarka.
Ɗijatu